Yadda Ake Daidaita Kallon Ɗakin Matuƙi da Na'urar Bin Motsin Kai a Manhajar Tuƙin Jirgi

Tun da na nuna hoton teburina na Tumfure da 'yar kyamara ɗare a kan allo, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta bakuna daban-daban. Wani ya ce da ya kunna bin motsin kai sai ya tsinci kansa yana kallon rufin jirgi. Wani ya ce hancinsa manne yake da agogunan dashbod, ko titin jirgi ba ya hangowa. Wani ƙanena na Pantami kuwa cewa ya yi ya daidaita komai da daddare, gari na wayewa aka koma 'yar gidan jiya.

Duk ciwo ɗaya ne. Tsakiya biyu ake da su, mutane kuma suna cakuɗa su. Ta farko ita ce inda manhajar jirgi ta ajiye idon matuƙi a cikin ɗakin tuƙi, wato kujerarka ta cikin kwamfuta. Ta biyu ita ce yanayin kanka na zahiri wanda na'urar bin kai ta ɗauka a matsayin sifili. Na'urar ba ta san komai game da jirgi ba, motsin kanka kawai take ɗorawa a kan inda manhaja ta zaunar da kai. Idan kujerar a karkace take, ko ka danna maɓallin tsakiya sau ɗari a karkace za ka dawo. Saboda haka kujera ake fara gyarawa, sannan kai. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan jeri suke, kada ka tsallake.

Kayan aiki da abin da za su ci

A cikin na'urorin bin kai, TrackIR 5 na kamfanin NaturalPoint shi ne wanda kowa ya sani. A lokacin da na duba, kuɗinsa wajen dala 150 ne kafin kuɗin kawowa, idan ka haɗa da TrackClip Pro, wato 'yar sandar fitilu uku da ake maƙalawa a jikin hedfon, ya ɗan haura haka. Tobii Eye Tracker 5 ya wuce dala 250. Ka buga da canjin yau ka ga abin da ya kama, ni dai ban ba wanda ke farawa shawarar ya taɓa su ba.

Hanyar da yawancinmu muke bi ita ce OpenTrack, kyauta ce. Tana iya bin fuskarka da kyamarar kwamfuta ta yau da kullum, ba sai ka maƙala komai a ka ba. Idan kyamararka ba ta da kirki, akwai SmoothTrack, manhajar waya ce ta kusan dala goma, wayar ce za ta kalli fuskarka ta aika wa OpenTrack. Masu son haɗa na hannu kuma suna neman tsohuwar kyamarar PS3 Eye da ƙananan fitilun infirared guda uku, duk mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka su.

Abu biyu da ake mantawa. Idan laftof ɗinka ba ta da ɓangaren lambobi na dama, sayi kibod na USB mai arha, don manhajojin tuƙin jirgi na X-Plane da DCS da waɗannan lambobin suke aiki. Sannan ƙarfen TrackIR mai sheƙi, wanda kyamararsa ke bi don gane motsin kai, a bakin hular hana-salla ake maƙala shi. Kube da zanna ba su da bakin da zai riƙe.

1. Gyara zamanka na zahiri

Kafin ka buɗe kowace manhaja, zauna yadda za ka iya awa biyu ba ka muskuta ba. Baya jingine, hannu a kan sandar tuƙi, ido daidai da kashi ɗaya cikin uku na saman allo. Kyamara ta zauna a tsakiyar saman allon tana kallon fuskarka kai tsaye, tazarar santimita 60 zuwa 70. Ka yi alama da alli ko salatif a inda ƙafafun kujera suke. Idan yara sun ja kujerar sun yi kallo, alamar ce za ta cece ka. Kujerar roba ta fi mai juyawa a wannan aiki, don mai juyawa tana tafiya da kai duk lokacin da ka taka feda.

Hattara da haske. Na'urar infirared ba ta shiri da hasken rana, kuma ranar Gombe ba ta wasa. Idan akwai taga a bayanka, kyamara za ta ɗauke ta a matsayin fitila ta huɗu, kallo ya dinga tsalle. Saki labule mai kauri. Mai bin fuska kuwa akasin haka yake so: haske a kan fuskarka, ba a ƙeyarka ba. Idan an ɗauke wuta kana kan inbata, ajiye fitilar caji a bayan allo tana haska ka. Kyamara mai arha tana rage saurin ɗaukar hoto a duhu, sai ka ga kallo yana biyo ka a makare. Na taɓa ɓata mako guda ina zargin kwamfutata, ashe ƙwan ɗakin ne ya yi rauni. A lokacin hunturu kuma goge idon kyamara kullum, ƙura ba ta neman izini.

2. Haɗa na'urar da OpenTrack

A wajen Input zaɓi neuralnet tracker idan kyamara ce da fuska, PointTracker idan fitilu ne, UDP over network idan waya ce. A wajen Output zaɓi freetrack 2.0 Enhanced, shi ne ke sa manhajar jirgi ta ɗauka TrackIR ne. Filter ka bar shi a Accela. Danna Start. Akwai wata 'yar halittar ruwa mai ƙafafu da yawa a kusurwar manhajar, ita za ta dinga kwaikwayon kanka. Waiga hagu, ɗaga kai, matso gaba, ka tabbata tana bin ka ta inda ya dace. Idan wani ɓangare ya juye, shiga Options, shafin Output, ka sa alamar Invert a kansa.

Mai amfani da waya: ita da kwamfuta su kasance a kan Wi-Fi ɗaya, ka rubuta adireshin IP na kwamfutar a cikin SmoothTrack, ƙofar kuma 4242. Wannan zirga-zirgar ta cikin gida ce, ba ta cin data. Idan halittar ta ƙi motsi, kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta tare, ka ba OpenTrack izini. Waya tana zafi sosai a wannan aiki, musamman a watan Maris da Afrilu, cire mata riga ka juyo mata fanka.

Kullum OpenTrack ake fara kunnawa, sannan manhajar jirgi.

3. Ɗaura maɓallai biyu

Kana buƙatar maɓallin tsakiya da maɓallin dakatarwa. A OpenTrack suna cikin Options, shafin Shortcuts, da sunan Center da Toggle. Ɗora su a kan sandar tuƙi inda babban yatsa zai kai ba tare da ka duba ba. Dalili kuwa, idan ka sunkuya neman maɓalli a kibod ka danna, na'urar za ta ɗauki wannan sunkuyon a matsayin tsakiya.

Masu TrackIR su kula sosai a nan. Yana zuwa da F12 na tsakiya, F9 na dakatarwa, F7 na rage saurin motsi. F12 shi ne maɓallin ɗaukar hoto a Steam, manhajar da ake saye da buɗe wasannin kwamfuta, F7 kuma shi ke sauke filaf, wato ɓangaren bayan fuffuke da ake saukewa wajen sauka, mataki ɗaya a Microsoft Flight Simulator na 2020. Mutum sai ya zo sauka ya danna F7, filaf ya ƙi fita, ya yi ta zagin jirgi. Canza su tun yanzu.

4. Dakatar da bin kai, ka nemo mazaunin ido

Nan ne aikin yake. Ɗauki jirgi ka ajiye shi a kan titi, da rana, sararin sama garau. Ni da Cessna 172 nake farawa a filin Lawanti, lambarsa DNGO. Danna maɓallin dakatarwa, ka tabbata ko ka girgiza kai kallo ba ya motsi. Sannan mayar da kallon manhaja asalinsa: Ctrl da Space a Microsoft Flight Simulator na 2020, W a X-Plane, lamba 5 ta dama a DCS.

Yanzu matsar da kujera, ba juya kai ba. A na Microsoft, kibiyar sama da ta ƙasa suna ɗaga ido da sauke shi, ta hagu da ta dama suna gusar da shi gefe, Alt na dama tare da kibiyar sama ko ƙasa yana kai ka gaba ko baya. A X-Plane kibiyoyin huɗu haka suke aiki, waƙafi da aya su ne baya da gaba. A DCS riƙe Ctrl da Shift na dama, ka yi amfani da 8, 2, 4, 6 na ɓangaren lambobi, alamar rabawa da ta ninkawa kuma su ne na baya da gaba. Microsoft Flight Simulator na 2024 ya zo da maɓallansa daban, ka shiga Controls ka nemi kalmar cockpit view ka ga inda aka ɗora su.

To ina ne daidai? Masu ƙera jirgi sun riga sun yanke wannan, kowane jirgi yana da wurin da aka tsara idon matuƙi ya kasance. A Airbus A320 har alama aka sa: wasu ƙananan ƙwallaye a jikin ginshiƙin tsakiyar gilashin gaba. Matuƙi yana ɗaga kujera yana matsar da ita har sai jan ƙwallon ya rufe farin. Idan jirgin da ke cikin manhajarka yana da su, aikinka ya yi sauƙi, waiga ka daidaita su ka dawo. A jirgin yaƙi ma'aunin shi ne gilashin bayanai na gaban matuƙi: duk rubutunsa ya fito, ba a yanke sama ko ƙasa ba. A ƙaramin jirgi irin Cessna, ka ga ɗan saman murfin inji ya leƙo ta bayan dashbod, kuma sitiyarin ya kasance daidai tsakiyar ƙirjinka.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sauke ido ƙasa don agoguna su fito duka. Na yi shi. Wata biyu ina buga jirgi da ƙasa a wajen sauka, don da na ɗaga hancinsa sai titi ya ɓace mini gaba ɗaya. Agoguna ba matsalar kujera ba ce, za mu zo kansu a mataki na 7. Kuskure na biyu shi ne gusawa tsakiyar ɗakin don hoto ya yi kyau. Matuƙi a hagu yake zaune. Idan ka koma tsakiya, layin tsakiyar titi zai dinga yaudararka, ka sauka a gefe.

5. Faɗin kallo

Wannan gajere ne amma ka yi shi kafin ka adana. Allo mai inci 24 faɗinsa wajen santimita 53 ne, idan kana nesa da shi da santimita 60, digiri 48 kacal ya ci a idonka. Laftof mai inci 15.6 ba ta kai 40 ba. Duk abin da ka ƙara a kan wannan, kana matse duniya ne cikin ƙaramar taga, titi ya yi nisa, gudu ya yi kamar ya fi yadda yake. Ba a iya tuƙi da 40, amma wanda yake da bin kai ba ya buƙatar 100. Ni tsakanin 60 da 70 nake tsayawa. A X-Plane lambar tana cikin Settings, shafin Graphics. A na Microsoft da DCS da zum ake yi. Ma'aunina shi ne in iya karanta agogon gudu ba tare da na matso ba.

6. Adana, kowace manhaja da hanyarta

Har yanzu bin kai a dakatar yake. Idan ka adana yana kunne, karkatar kanka ta wannan daƙiƙar za ta shiga ciki, kuma gobe za a sake ɗora wata a kanta.

A Microsoft Flight Simulator na 2020, danna Ctrl da Alt da 1. Duk lokacin da ka shiga wannan jirgi, Alt da 1 zai dawo da kai. Kowane jirgi da nasa ake adanawa. Manhajar ba ta buɗewa da shi da kanta, don haka ɗora Load Custom Camera 1 a kan sandar tuƙi kusa da maɓallin tsakiya. Akwai kuma ma'aunan Height, Horizontal Position da Zoom a General Options, shafin Camera. Gargaɗi: waɗannan duk jirage suke shafa. Ka ɗaga su don Cessna, ka shiga babban jirgi ka tarar kanka ya kusa fasa rufi. Ka bar su a tsakiya sai dai idan jirgi ɗaya kake tuƙawa.

A X-Plane, Ctrl da wata lamba ta dama yana adanawa, lambar kaɗai tana dawo da shi. Kada ka manta da sa alama a akwatin TrackIR da ke cikin Settings. Idan kana so gyaran ya zama shi ne asalin jirgin, buɗe Plane Maker, ɗauko jirgin, shiga Standard sannan Viewpoint. Lambobi uku ne a ma'aunin ƙafa: gaba da baya, gefe, da tsawo. Taɓa su da kaɗan-kaɗan, 0.1 ma santimita uku ne. Kafin ka taɓa, kwafi fayil ɗin jirgin mai ƙarewa da acf ka ajiye gefe, kuma ka sani sabuntawa tana iya shafe gyaranka.

A DCS sai ka fara shiga Options ka kunna izinin adana Snap View na mai amfani, in ba haka ba danna-dannenka a banza. Bayan ka daidaita, danna Alt na dama da 0 na ɓangaren lambobi. Gyaran yana sauka a fayil mai suna SnapViews.lua, cikin Saved Games, DCS, Config, View. A ƙarƙashin sunan kowane jirgi, shigarwa ta 13 ita ce kallon asali. Fita daga manhajar ta hanyar da ta dace ka sake shiga ka tabbata ya zauna. Abin da ya sami ƙanena na Pantami ke nan, izinin ne bai kunna ba.

7. Kunna bin kai, ka sunkuyar da kallo

Koma kan alamar kujerarka, jingina, kalli tsakiyar allo, saki maɓallin dakatarwa, danna na tsakiya. Idan matakan baya sun yi daidai, kallo zai tsaya inda ka adana.

Sai maganar agoguna. Yawancin mutane suna so idan kansu yana miƙe su ga titi a sama, layin farko na agoguna a ƙasa. Wannan sunkuyo ne na digiri 5 zuwa 10, kuma hanya uku ake samunsa.

Ta gaggawa: ɗaga haɓarka kaɗan kamar kana kallon saman allo, danna tsakiya, sannan ka dawo daidai. Na'urar za ta ɗauka ka sunkuya, kallo ya sauka. Tana aiki, amma kullum sai ka maimaita, kuma ba za ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba.

Wadda na fi so: a OpenTrack, Options, shafin Output, akwai Custom center pose. Rubuta 6 a gidan Pitch, wato na ɗaga kai da sunkuyawa, ka duba. Idan sama ya tafi maimakon ƙasa, sa masa alamar ragi. Ƙara ko rage biyu-biyu har ya yi maka. Tunda kowane jirgi da tsayin dashbod ɗinsa, ka yi wa kowanne Profile nasa, ka sa masa sunan jirgin. Kada ka yi amfani da gidajen X, Y, Z na wannan wuri don gyara kujera, aikin mataki na 4 ne.

Ta uku ta masu son taɓa fayil ce. A DCS lambar vAngle ta shigarwa ta 13 ita ce sunkuyon. A na Microsoft, kallon da ka adana yana cikin cameras.cfg a foldar SimObjects, layin InitialPbh, lambar farko. Rufe manhaja kafin ka gyara, kuma kada ka haɗa wannan da ta OpenTrack a lokaci ɗaya, sunkuyo biyu za su taru ka koma kallon feda.

8. Layukan Mapping

Ba za ka iya juya kai digiri 90 kana kallon allo ba, shi ya sa ake ninka motsi. A tagar Mapping, layin kwance motsinka ne na zahiri, na tsaye abin da zai fito a jirgi. Nawa: waigen digiri 30 yana ba ni 120 a jirgin farar hula. Masu faɗan sama a DCS suna kai shi 170 don su ga bayansu. Farkon layin ya kwanta, digiri biyu ko uku na farko kusan babu motsi, don numfashi da magana kada su girgiza allo. Amma kada ka faɗaɗa wannan mataccen wuri, in ya yi yawa kallo zai dinga maƙalewa sannan ya fizge.

A Pitch sa alamar Asymmetric mapping, ka ba sunkuyawa ninki fiye da ɗagawa, don maɓallan fetur da na fitilu a ƙasa suke, kuma kyamara tana rasa fuska idan ka sunkuya da yawa. Roll, wato karkata kai zuwa kafaɗa, rage shi sosai ko ka kashe a makon farko, shi ne ya fi kawo jiri. In ka ji tashin zuciya, tashi ka sha iska, minti goma sha biyar ya isa a ranar farko.

9. Gwaji

Tashi daga Lawanti ka yi zagayen fili ɗaya ta hagu, ƙafa 1,000 sama da ƙasa. Abu huɗu za ka duba. A kan titi, layin tsakiya ya ratsa ta tsakanin ƙafafunka. Kana tafiya daura da titi, waige ɗaya ya nuna maka shi ta tagar hagu ba tare da idonka ya bar allo ba. A gangarowar ƙarshe, wajen not 65 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) a Cessna 172, ka ga bakin titi da agogon gudu tare. Sannan da ka ɗaga hanci don taɓa ƙasa, gefen titi bai ɓace ba.

In na ƙarshen ya gaza, kujera ce ta yi ƙasa, koma mataki na 4. In na ukun ne, sunkuyo ne, mataki na 7. In na biyun ne, Mapping. Abu ɗaya za ka canza, ka sake zagayen. Idan duk sun yi, miƙe gabas ka nufi madatsar ruwan Dadin Kowa, tafiyar minti ashirin za ta nuna maka ko tsakiyar tana zamewa. In ta zame, duba zamanka tukuna, yawanci kai ne ka sulale a kujera. Gyara zama, sannan ka danna maɓalli.

10. Ajiye kwafi

Kwafi SnapViews.lua, foldar SimObjects mai ɗauke da cameras.cfg, fayil ɗin acf da ka gyara, da Profile ɗinka na OpenTrack, wanda za ka samu ta maɓallin Profile, Open configuration directory. Zuba su a filash ko ka tura wa kanka ta WhatsApp, duka ba su da nauyi. Ɗauki hoton allo ɗaya na kowane jirgi kana zaune a tsakiya, ka haɗa da hoton inda kyamara take a kan allo, don ranar da aka goge maka Windows a shagon gyara, da su za ka gwada ka ga ko komai ya koma mazauninsa.